Saurin Yatsa ko Muryar Tsirkiya: Wa Ya Fi Wa a Makaɗan Jitar Rok da Bulus?

Duk wanda ya saba zaman gidan kallon ƙwallo ya san wannan amon, ko da bai san daga ina ya fito ba. Da an zura ƙwallo a raga a wasu filayen Turai, sai ka ji dubban 'yan kallo sun ɗauka baki ɗaya: o, o-o-o-o, o, o. Sautuka bakwai ne kacal. Magoya bayan Club Brugge ta Beljiyam ne suka fara rera shi a 2003, 'yan Italiya suka karɓe suka yi ta yi har suka ɗaga kofin duniya a 2006, daga nan ya zama na kowa. Wanda ya ƙirƙiro shi makaɗin jita ne daga birnin Ditroyit na Amurka, Jack White, a waƙarsa Seven Nation Army. Yaron da ya fara koyon jita ranar Asabar zai iya kaɗa wannan amo kafin Juma'a, da yatsa ɗaya a kan tsirkiya ɗaya.

Ga kuma Joe Bonamassa, makaɗin jitar bulus na Amurka, wanda tun yana ɗan shekara 12 yake buɗe wa babban makaɗin bulus B.B. King taro. Babu mai kunne da zai ce Jack White ya kama ƙafar Bonamassa a iya hannu. Amma je ka tsaya a bakin titi a Landan ko Shikago ka ce mutane su rera maka amo ɗaya na Bonamassa, za ka daɗe a tsaye.

Gardamar "wa ya fi wa" tsakanin masoya jita ba ta ƙarewa saboda abu biyu ake cakuɗawa a mudu ɗaya. Akwai gwaninta, wato abin da hannun mutum zai iya yi. Akwai kuma tasiri, wato abin da mutum ya sa hannun wasu ya koma yi bayan sun ji shi. Wani lokaci sukan taru a mutum ɗaya, sau da yawa ba sa taruwa. Ra'ayina shi ne makaɗan wannan zamani sun wuce iyayen gidansu a gwaninta nesa ba kusa ba, amma a tasiri kaɗan ne suka ko kusanto su, kuma akwai dalilan da suka sa haka.

Sai an fara fahimtar abin da kiɗan bulus yake nema a wurin makaɗi. Kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, musamman yankin gonakin auduga na jihar Misisifi. Gininsa ba shi da wuya: zagaye ne mai gaɓa 12 da ake ta maimaitawa, a kan ginshiƙan sauti uku, kuma yawancin abin da makaɗi zai faɗa yana cikin sautuka biyar ne, irin ma'aunin da kunnen mutumin Sahel ya saba da shi a goge da gurmi. Tunda kowa kayan aikinsa ɗaya ne, ba a gane gwani da yawan sautukan da ya zuba. Ana gane shi da yadda yake taɓa sauti guda: ya tura tsirkiya sama har ta yi kuka, ya girgiza yatsa sautin ya yi rawa, ya san inda zai yi shiru.

B.B. King ne ya kafa wannan ma'auni. Shi ba ya waƙa yana kiɗa a lokaci guda. Zai rera baiti ya tsaya, jitarsa ta amsa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Jitar ma suna gare ta, Lucille, tun daga wani dare a 1949 a garin Twist na jihar Akansas, inda wasu maza biyu suka yi dambe a gidan rawa suka kifar da gangar kananzir, gidan ya kama da wuta. King ya fita, ya tuna ya bar jitarsa ta dala 30, ya koma cikin wutar ya ɗauko ta. Daga baya ya ji cewa a kan wata mata mai suna Lucille aka yi faɗan. Mutumin nan ya yi wasa 342 a shekarar 1956 kaɗai, amma da ya haɗu da 'yan ƙungiyar U2 shekaru talatin bayan haka, da bakinsa ya gaya musu cewa bai iya kaɗa sautuka a haɗe ba, su nemo wani ya yi wannan ɓangaren. Ɗalibin makarantar kiɗa na shekarar farko ya fi shi wannan. Sai dai idan King ya taɓa tsirkiya sau ɗaya, ko a rediyon makwabta ne, ka san shi ne. Ya rasu a Mayun 2015, wata guda kafin Ɗan Maraya Jos, wanda shi ma da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi yake cika fili. Wanda ya san dalilin da ya sa ba a rikita kuntigin Ɗan Maraya da na wani, ya riga ya gane B.B. King.

Kiɗan rok ɗan bulus ne, amma ɗa ne mai hayaniya. Abin mamaki, sai da bulus ya tsallaka teku kafin ya dawo gida da sabuwar riga. A farkon shekarun 1960 samarin Ingila suka riƙa sayen faya-fayan Muddy Waters da Howlin' Wolf da Buddy Guy na kamfanin Chess da ke Shikago, suna kwaikwayo a ɗakunansu, a lokacin da yawancin fararen Amurka ba su damu da waɗannan dattawa ba. Eric Clapton ya haɗa jitar Gibson Les Paul da amfilifayar Marshall ya murɗe ta har ƙarshe a faifan da ya yi da John Mayall a 1966, sautin ya fito da kauri da dishi, har wani ya rubuta a bango a Landan yana ɗaukaka shi zuwa matsayin da bai dace da ɗan Adam ba. Jeff Beck da Jimmy Page duk daga ƙungiya ɗaya suka fito da Clapton, wato Yardbirds. Nan ma akwai tabon da ba a so a taɓa: kuɗin sun tafi Ingila, masu kayan suna Shikago. Sai da Willie Dixon, marubucin waƙoƙin bulus na Shikago, ya kai Led Zeppelin, ƙungiyar Jimmy Page, kotu a 1985 kafin a sasanta da shi kan baitocinsa da suka ɗauka ba tare da sa sunansa ba.

Sarautar Clapton ba ta yi nisa ba. A ƙarshen Satumban 1966 wani baƙar fata bahago daga Siyatil ta Amurka ya sauka a Landan, mako guda bayan haka ya hau dandamali ya nemi ya yi wasa da Cream, ƙungiyar Clapton, shi Clapton yana tsaye yana kallo. Jimi Hendrix ke nan. Jitar na-dama yake juyawa ya sake jera tsirkiyoyinta. Ƙarar da lasifika ke yi idan an matso da jita kusa da ita, wadda kowa ke gudu a matsayin kuskure, shi sai ya mayar da ita kayan aiki. Shekara huɗu kawai ya yi yana tashe, ya mutu a Satumban 1970 yana da shekara 27. Idan ka saurari wasanninsa na kai tsaye da kunnen malamin makaranta za ka tsinci kurakurai, jitar ma takan kauce daga saiti. Bai hana komai ba. Kafin shi jita tana raka waƙa ne, bayansa ta zama abin da zai iya yin jiniya, ya yi ƙarar bam, ya yi kukan mutum. Shi ya sa duk lokacin da mujallar Rolling Stone ta sake jera gwanayen jita, a 2003 da 2011 da 2023, sunaye na hawa suna sauka amma na ɗaya ba ya motsi. Clapton da yake na biyu a 2011 ya gangaro zuwa na 35 a 2023, ita kuwa Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar coci da ta riga su duka kaɗa jitar lantarki da ƙarfi, ta hau na shida shekara 50 bayan rasuwarta. Hannun Clapton bai canza ba tsakanin jerin biyu. Masu awon ne suka canza mudu.

Daga 1978 aka shiga tseren gudu. Eddie Van Halen, haifaffen Amsterdam da ya tashi a Kalifoniya, ya fito da salon buga tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita, kamar mai danna fiyano. Ba shi ya fara ba, amma shi ya sa duk wani saurayi mai jita ya kulle kansa a ɗaki yana ƙoƙarin gane yadda ake yi. Shi ma da hannunsa ya harhaɗa jitarsa daga ɓangarori masu araha, don ba a sayar da irin wadda yake so. Bayansa aka samu Yngwie Malmsteen ɗan Suwidin, mai zuba sautukan goge irin na Turawan da a guje, da Joe Satriani da ɗalibansa Steve Vai da Kirk Hammett. A iya hannu, wannan zamanin ya kai inda ba a taɓa zato ba. Amma abin ya fara zama kamar wasan tsalle-tsalle, makaɗa na kallon makaɗa. A 1991 Kurt Cobain na Nirvana, wanda bai damu da gudu ba ko kaɗan, ya zo da sautuka uku-huɗu masu datti ya share musu kasuwa.

A tsakiyar wannan tsere ne Stevie Ray Vaughan na Tekzas ya farfaɗo da bulus. A bikin kiɗa na Montreux a 1982 wasu 'yan kallo sun yi masa ihu don ƙarar ta yi musu yawa, amma shahararren mawaƙin Ingila David Bowie yana wurin, ya ɗauke shi aiki a faifansa na shekara mai zuwa. Vaughan tsirkiyoyi masu kauri yake sawa, waɗanda ke yanka yatsa, ya sassauta saitinsu kaɗan, ya riƙa dukansu kamar suna da bashinsa. Ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Agustan 1990. Kusan duk wani makaɗin bulus da ke tashe yau, ta ƙofarsa ya shigo.

To, su waye na yau, kuma ina kowannensu ya tsaya?

Bonamassa, haifaffen 1977, shi ne ma'ajin gidan. Babu salon da bai haddace ba, na Shikago da na Landan da na Tekzas, kuma ya tara tsofaffin jita da amfilifaya har gidansa ya zama kamar gidan tarihi. A 2009 ya cika zauren Royal Albert Hall, Clapton ya hau ya taya shi. Ba ya kuskure. Matsalata da shi ke nan. Idan yana kiɗa ina jin Clapton, ina jin Gary Moore, ina jin Eric Johnson, sai in yi ta jiran in ji shi kansa. Kamar almajirin da ya haddace littattafan malamansa duka ne, ka tambaye shi ko'ina ya kawo maka, amma har yanzu bai rubuta nasa ba. Masoyansa za su ce ai riƙe gado ma aiki ne, kuma gaskiyarsu.

John Mayer sa'ansa ne, amma ta wata hanya ya bi. Da waƙoƙin soyayya masu laushi ya yi suna, 'yan bulus suka raina shi, sai a 2005 ya kafa ƙungiyar mutum uku ya nuna musu cewa ya sha Vaughan da Hendrix har ya ƙoshi. Idan batun tasiri ne, a cikin tsararsa shi ne gaba, ba don ya fi su hannu ba, sai don yana rubuta waƙar da wanda bai damu da jita ba ma zai so. Yarinya ta zo don baitin soyayya, ta koma gida da sha'awar sayen jita. Dubi matasan da ke sa bidiyon kiɗansu a Instagram da YouTube: wannan sautin mai tsabta, da babban yatsa rataye a saman wuyan jita, da ɗan bugun da ke tsakanin sautuka, rabinsu 'ya'yan Mayer ne ko sun sani ko ba su sani ba.

Wanda ni nake sa wa rawani a iya hannu shi ne Derek Trucks. An haife shi a 1979, yana ɗan shekara 20 ya shiga ƙungiyar Allman Brothers, inda kawunsa ke buga ganga. Shi bututun gilashi yake sawa a yatsa ya riƙa zamewa da shi a kan tsirkiya, ba ya kuma riƙe ɗan robar da ake kaɗawa da shi, da tsokar yatsa yake taɓawa. Amfanin wannan bututu shi ne yana 'yantar da jita daga ƙarafan da suka yanka wuyanta gida-gida. Jita ta koma kamar goge, ta iya shiga sautin da ke tsakanin sautuka, inda muryar mutum ke yawo. Trucks bai tsaya a Misisifi ba, ya je ya zauna a makarantar Ali Akbar Khan a Kalifoniya ya koyi yadda makaɗan Indiya ke lanƙwasa sauti, ya kuma saurari mawaƙan ƙawali na Pakistan. Sakamakon shi ne idan ya fara, a hankali kamar mai raɗa, ya yi ta hawa har minti biyar ko shida, za ka rantse mace ce ke waƙa a coci. Tsaye yake cak a dandamali, ba ya yamutsa fuska, ba ya tsalle. Ga gwaninta, ga murya tasa ta kansa. Amma tasirin fa? Kaɗan ne, don abin da yake yi ya yi wuyar da ba kowa zai kwaikwaya ba. Tasiri yana son abin da yaro zai ji ya ce "ni ma zan iya". Trucks kuwa idan makaɗi ya ji shi, ajiye jitar yake tunanin yi.

Gary Clark Jr. na Ostin da Christone Ingram, wanda ake kira Kingfish, suna ɗauke da wani nauyi daban. Shekaru da yawa taron bulus a Amurka ya koma na fararen dattawa, a dandamali da cikin 'yan kallo. Clark ya fito fili ne a bikin jita na Clapton a 2010, ya kuma ƙi yarda a kulle shi a gidan tarihi: yana cusa hip-hop da kiɗan sol a cikin nasa, yana waƙa kan wariyar launin fata a fili. Kingfish kuwa an haife shi a 1999 a Clarksdale, cibiyar bulus ɗin Misisifi, a gidan tarihin bulus na garin ya koyi kiɗa, ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2022. Yana da wuta a hannu, wani lokaci har ta yi yawa. Shekaru za su koya masa shiru.

A ɓangaren rok, waɗanda suka bar tabo su ne waɗanda suka ƙi shiga tseren. Tom Morello, ɗan wani jami'in diflomasiyyar Kenya, ya iya gudu sarai, amma ya ga layin ya cika, sai ya koma yana kunna makunnin jita yana kashewa, yana goga tafin hannu a tsirkiya, har ta yi ƙarar faifan da DJ ke murzawa. Jack White kuma da gangan ya zaɓi jitar roba ta shekarun 1960, irin wadda ake saya a kantin kayan gida, don yana ganin sai kayan aiki sun yi maka gardama kiɗa ke yin rai. Wancan amon na filin ƙwallo ma ba da jitar bes aka yi shi ba, jita ce ta yau da kullum da ya bi da ita ta wata na'urar ƙafa mai saukar da sauti ƙasa. A can ƙarshen masu gwaninta kuma akwai Tosin Abasi, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka koma Amurka, mai kaɗa jita mai tsirkiya takwas da lissafin da ke sa kan mutum juyawa. Makaɗa na girmama shi ƙwarai. Direban tasi bai san shi ba.

Idan ka bi tarihin da kyau za ka ga wani zare: sabon salo yakan fito ne daga inda aka rasa wani abu. Albert King bahago ne da ya juya jita bai sake jera tsirkiyoyin ba, don haka maimakon ya tura tsirkiya sama sai ya ja ta ƙasa, inda hannu ya fi ƙarfi, kuma wannan jan ne Vaughan ya kwashe shekaru yana kwaikwayo. Tony Iommi na Black Sabbath inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe a Bamingham yana ɗan shekara 17. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya sa tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya ya sassauta su don rage zafi, sautin ya yi ƙasa ya yi duhu. Kiɗan metal gaba ɗaya daga wannan raunin ya samo nauyinsa. Matashin yau kuwa ba abin da ya rasa. Hendrix da Clapton sai sun yi ta mayar da allurar garmaho baya suna lalube da kunne, kuma a cikin kuskuren lalube ne suke tsintar nasu. Yanzu YouTube zai rage maka gudun bidiyo ya nuna maka inda kowane yatsa ya sauka. Kowa ya iya, kowa kuma ya yi kama da kowa. Ga shi jita ba ita ce sarauniyar kasuwa ba kuma, kwamfuta da hip-hop sun karɓe gaban gida, don haka ko wani sabon Hendrix ya fito, ba duniya duka ce za ta juyo ba.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da masu sharhin kiɗa a Amurka suka fara waiwayo Agadas da Abalak, garuruwan makaɗan jita Bombino da Mdou Moctar a Nijar. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali ya daɗe da buɗe wannan ƙofa, Tinariwen, ƙungiyar Abzinawan Mali, suka ci Grammy a 2012. Bombino ya koyi abubuwa daga bidiyon Hendrix da Mark Knopfler lokacin gudun hijira, Dan Auerbach na Black Keys ya shirya masa faifai a Nashbil wanda ya fito a 2013, daga baya ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy. Mdou Moctar kuwa, bahago shi ma, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta, don gidansu ba sa son kiɗa. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin memori kafin wani Ba'amurke ya bi sawunsu. Turawa na kiransa Hendrix na Sahara, suna jin kamar sun yabe shi, alhali shi makaɗin Abzinawan Nijar Abdallah Oumbadougou ya gani yana yaro ya ce sai ya yi jita, kuma kiɗan bukukuwan Abzinawa ne a yatsunsa. Sai da ya girma aka nuna masa bidiyon Van Halen. Ya kalli yadda ake buga wuyan jita da hannu biyu, ya ɗauka, ya zuba shi a kan takun raƙumi na kiɗan garinsu, da yatsan manuni yana shara tsirkiya sama da ƙasa ba tare da roba ba. Yanzu samari a Niwyok da Balin ne ke rage gudun bidiyonsa suna leƙen inda yatsun ke sauka.